Faifan Wreck-It Ralph da na Biyunsa: Wanne Ya Cancanci Kuɗi, Kuma Yaya Ake Kunna Shi Ya Fito Daidai

Mai yara a gida da ke neman katun ɗin da zai zauna ya kalla tare da su ba tare da ya ƙosa ba, Wreck-It Ralph na cikin 'yan kaɗan da suka cancanci a cire kuɗi a mallaki faifansu na asali. Kamfanin Walt Disney ne ya fitar da shi a 2012, Rich Moore ya ba da umarni. A 2018 aka yi na biyu, Ralph Breaks the Internet, wanda Moore ya yi tare da Phil Johnston. Ana samun su a DVD, da Blu-ray, da 4K Ultra HD, ɗai-ɗai ko a haɗe cikin kwali guda. Shawarata ita ce a nemi Blu-ray bugun Turai, a fara da fim na farko. Na biyun ƙari ne idan aljihu ya yarda. Shi kuwa 4K, gidaje ƙalilan ne za su ga amfanin ƙarin kuɗinsa.

Fim na farko minti 101 ne. Labarin yana faruwa ne a shagon wasannin bidiyo na wani dattijo mai suna Litwak, irin shagon da ake jefa kwandala cikin akwati kafin wasa ya tashi. Yaran da suka saba da gidan gem inda ake biyan kuɗin lokaci a PlayStation suna buƙatar a yi musu wannan bayanin tun kafin a fara: kowane akwati wasa ɗaya ne tak a cikinsa, kuma idan ya lalace ko ya daina kawo kuɗi, mai shago zai zare filoginsa a fitar da shi. Duk fargabar da ke cikin fim ɗin a kan wannan filogi ta rataya. Idan an rufe shago da dare, 'yan cikin wasannin sukan bi ta wayar wuta su haɗu a cikin soket ɗin da aka jona dukkan akwatunan, wanda fim ɗin ya mayar babbar tashar jirgin ƙasa. Ralph shi ne mugun wasan Fix-It Felix Jr.: yana rushe bene, Felix yana gyarawa da gudumar zinare, a ƙarshe a ba Felix lambar yabo, a jefo Ralph daga saman bene cikin taɓo. Shekara 30 ana haka, yana kwana a juji. Ranar bikin cika shekara 30 ko gayyatarsa ba a yi ba, sai ya bar wasansa ya tafi neman lambar yabo a wani wasan sojoji mai suna Hero's Duty, daga can kuma ya faɗa wasan Sugar Rush.

Abin da ya sa fim ɗin ya tsaya da ƙafarsa shi ne dokokinsa a fili suke, kuma bai karya su ba. Wanda ya mutu a wajen wasansa ba ya dawowa. Wasan da ya rasa ɗaya daga cikin manyan 'yan wasansa za a ɗauka ya lalace. Wanda ke da tangarɗa a jikinsa, kamar yarinyar nan Vanellope ta wasan tseren motoci Sugar Rush, ba zai iya fita daga wasansa ba ko da za a zare filogi. Daga waɗannan dokoki uku aka gina komai, shi ya sa wurin da Ralph ya farfasa motar da suka ƙera tare da Vanellope yake da nauyi sosai. Da zuciya ɗaya ya yi, yana ganin ceton ranta yake yi, mai kallo kuma ya san dalilinsa, duk da haka kukan yarinyar yana taɓa zuciya. John C. Reilly ne muryar Ralph, Sarah Silverman ta yi Vanellope, Jack McBrayer ya yi Felix, Jane Lynch ta yi Saja Calhoun, shugabar sojojin Hero's Duty, Alan Tudyk kuma ya yi King Candy, sarkin Sugar Rush, kuma a wurina aikin Tudyk ne ya fi na kowa. Manya da suka yi wasannin da za su ga fuskokin da suka sani: Sonic, da Bowser, da Zangief da M. Bison na Street Fighter, da ɗaya daga cikin fatalwowin Pac-Man. Yaron da bai san ko ɗaya ba babu abin da zai rasa daga labarin.

Rauninsa guda ne: bayan an shiga Sugar Rush, fim ɗin ya daɗe a can, kuma barkwancin ya koma kan sunayen alawa da biskit na Amurka, wanda mafi yawansa zai wuce mai kallonmu ba tare da ya ji komai ba.

Na biyun minti 112 ne, kuma ya fi na farko kyan hoto nesa ba kusa ba. Shekara shida bayan labarin farko, sitiyarin akwatin Sugar Rush ya karye, kamfanin da ya ƙera shi ya daɗe da rufewa, sai Ralph da Vanellope suka bi ta na'urar intanet da Litwak ya jona suka shiga shafin gwanjo na eBay neman wani. Saboda ba su san yadda gwanjo yake ba, suka yi ta ɗaga farashi da kansu har ya kai dala 27,001, aka ba su awa 24 su biya. An zana intanet kamar wani ƙaton birni, kuma tseren mota da Shank, direbar wani wasan tsere na intanet wadda Gal Gadot ta yi wa murya, yana cikin wurare mafi kyau a fina-finan biyu. Darasinsa ma mai amfani ne ga yaran da suka fara tasawa: abokin da ya riƙe ka gam har ya hana ka motsi, yana cutar da kai ko da son ka yake yi. Akwai kuma wurin da Ralph ya shiga ɗakin da ake ganin sharhin mutane a kan bidiyonsa, ya karanta zagin da ake masa. Duk uban da ɗansa ya fara riƙe waya ya kamata ya tsayar da faifai a nan su yi magana.

Amma fim ɗin ya sassauta dokar da na farko ya kafa. A can an nuna cewa barin wasanka ka tare a wani babban laifi ne da ke jawo wa kowa asara, a nan kuma Vanellope ta yi sha'awar yin hakan kuma ba a tsaya an warware saɓanin yadda ya kamata ba. Felix da Calhoun, waɗanda suka riƙe rabin fim na farko, an ajiye su gefe. Sannan tambarin kamfanoni ya yi yawa, abin da ke sa fim ya tsufa da wuri. Tsuntsayen Twitter da ke shawagi a ciki, alal misali, tun 2023 kamfanin ya sauya suna zuwa X ya jefar da tsuntsun. Fim na farko da ya dogara da wasannin shekarun 1980 da 1990 bai da wannan matsalar, domin abin da ya riga ya zama tarihi ba ya sake tsufa. A kasuwa dai na biyun ya fi kawo kuɗi, ya haura dala miliyan 500 a sinimomin duniya, na farko kuma ya haura miliyan 470. Dukkansu an sa su takarar Oscar ta fim ɗin katun, babu wanda ya ci.

Abin da iyaye za su so su sani kafin su kunna

A Amurka dukkansu PG aka ba su, wato a kalla da sa idon iyaye. A farkon fim na ɗaya akwai taron mugayen wasanni, cikinsu har da wani mai ƙaho da siffar shaiɗan, kuma a wurin wani ya fizge zuciyar wata gawa mai tafiya, da sigar barkwanci. Wasan Hero's Duty duhu ne da harbe-harbe da manyan ƙwari na ƙarfe, kuma siffar da babban mugun ya rikiɗa ya koma a ƙarshe tana iya firgita yaro ɗan ƙasa da shekara shida. Akwai sumba tsakanin Felix da Calhoun, da ɗaurin aurensu a ƙarshe. Vanellope tana da baki, tana yi wa Ralph baƙar magana irin ta yara, kuma yara suna saurin ɗauka. A na biyun, abin tsoron shi ne ƙaton dodon da dubban kwafin Ralph suka dunƙule suka zama, da kuma ziyarar lungun intanet inda ake sayar da bairos. Kada a kashe faifai da zarar sunaye sun fara hawa, akwai guntun wasa a tsakiyarsu da wani a can ƙarshe.

Babu muryar Hausa ko rubutun Hausa a kan faifan asali. Ga mai koyon Turanci, a kunna rubutun ƙasa na Turanci daga rimot, domin Vanellope da King Candy suna magana da sauri. Mutanen Nijar, Chadi da Kamaru da suka fi sakewa da Faransanci su nemi bugun Faransa, amma da wani suna za a same shi: na farko Les Mondes de Ralph, na biyu Ralph 2.0.

Zaɓen faifai, inda aka fi tafka asara

Na'urar DVD ba ta karanta Blu-ray, ko an goge shi sau goma. Hasken da take karatu da shi ja ne mai tsawon zango nanomita 650, na Blu-ray kuwa shuɗi ne mai 405, wanda ke iya ganin ramukan da suka fi ƙanƙanta. Na'urar Blu-ray tana karanta DVD, amma ba ta karanta 4K. Ta 4K ce kaɗai ke cin duka ukun. Wanda ke da PlayStation 3 ko 4 yana da na'urar Blu-ray a gida ko bai sani ba, sai dai PS4 yana buƙatar a jona shi da intanet sau ɗaya kafin ya fara kunna faifan fim. PS5, da Xbox One S, da One X, da Series X, in dai masu ramin faifai ne, suna karanta har 4K, amma a Xbox sai an fara sauko da manhajar Blu-ray daga shagonsu.

Sai batun shiyya, wanda shi ne ya fi kama masu yin oda daga waje. An raba duniya gida uku a Blu-ray: A ta ƙunshi nahiyar Amurka da Japan da Koriya da kudu maso gabashin Asiya, B ta ƙunshi Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Ostireliya, C kuma Rasha da Indiya da Sin. Mu muna B, don haka faifan Ingila ko Faransa ya dace da na'urar da aka saya a shiyyarmu, ko a Dubai ko a Saudiyya. Abin lura shi ne shiyyar na'ura ake bi, ba ƙasar da mutum yake zaune ba: PS4 ɗin da aka kawo daga Amurka A ne ko yana Kano ko Maraɗi. Wasanninsa ba su da kulle, amma faifan fim yana da shi. A juya bayan kwali a duba: idan an ga A, B, C gaba ɗaya, zai yi a ko'ina, idan harafi ɗaya ne, sai na'urar da ta dace da shi. DVD kuma lambobi yake bi. Amurka 1, Turai da Masar da Afirka ta Kudu da ƙasashen Larabawa na Gabas ta Tsakiya 2, Najeriya da Nijar da Gana da mafi yawan sauran Afirka 5. Galibin ƙananan na'urorin DVD da ke kasuwanninmu a buɗe suke zuwa, suna cin kowace lamba, amma masu manyan sunaye da na'urorin gem suna tsayawa kan tasu. Faifan 4K ba a kulle shi da shiyya, sai dai Blu-ray ɗin da ake haɗowa da shi a kwali ɗaya yana iya zama a kulle.

Kwalin Amurka yakan zo da 'yar takarda mai lambar sauko da fim ta intanet. Kada a ƙara ko sisi saboda ita. Tsarin Movies Anywhere da ake shigar da lambar a cikinsa na masu asusun Amurka ne, lambar tana da wa'adi, kuma idan faifan na hannu ne an riga an yi amfani da ita. Ta fuskar kallo a intanet kuma, lokacin da Disney+ ya shigo Afirka a 2022, Afirka ta Kudu da ƙasashen arewacin nahiyar irin su Masar da Maroko aka buɗe wa, ba Najeriya ko Nijar ba. Ko da hanyar ta samu, hoto mai kyau yana cin kusan gigabait 3 a awa, kuma yaro ba ya kallon katun ɗin da yake so sau ɗaya ya haƙura. Nan ne faifai ya fi riba.

Bambancin hoto tsakanin DVD da Blu-ray a waɗannan fina-finai babba ne. DVD na Turai ɗigo 720 ne a faɗi da 576 a tsaye, na Amurka 720 da 480, Blu-ray kuwa 1920 da 1080. A talabijin mai inci 32 zuwa ƙasa DVD zai wadatar. Daga inci 43 zuwa sama za a ga ƙyallin sukari a kan titin Sugar Rush ya dame, ƙananan rubuce-rubucen allunan birnin intanet kuma ba sa karantuwa, alhali rabin barkwancin fim na biyu a jikinsu yake. DVD na Turai yana da wani hali kuma: ana gudanar da shi a hoto 25 cikin daƙiƙa maimakon 24 na sinima, don haka fim ɗin minti 101 yakan ƙare a wajen 97. Ba yanke shi aka yi ba, sauri ya ƙaru da kashi 4 cikin 100.

Faifan 4K kuwa, ribarsa ba a yawan ɗigo take ba, a HDR take, wato ƙarfin haske da zurfin launi. A talabijin mai haske sosai, fitilun Hero's Duty da na birnin intanet suna fitowa da kyau ƙwarai. Amma yawancin talabijin masu sauƙin kuɗi da aka rubuta wa 4K HDR a kwali ba su da hasken da za su nuna shi, sai hoton ya fito da duhu fiye da na Blu-ray. Sannan sai ramin HDMI ɗin ya kasance mai HDCP 2.2, wato tsarin hana kwafar fim, kuma wayar ta kasance mai ɗaukar gigabit 18 a daƙiƙa. Idan babu, ko allo ya yi baƙi, ko ya riƙa ɗaukewa, ko na'urar ta sauko da hoton zuwa 1080, kuɗin ya tafi a banza.

A ƙarin abubuwa ma Blu-ray na farko ya fi armashi. Yana ɗauke da Paperman, gajeren katun baƙi da fari na kusan minti bakwai da aka nuna tare da fim ɗin a sinima, wanda ya ci Oscar a 2013. Labarin soyayya ne marar magana. Akwai bayanin yadda aka zana duniyoyin wasannin, da wuraren da aka cire, da tallace-tallacen wasannin da aka shirya kamar na gaske. Na biyun ma yana da bayanin yadda aka yi shi da wuraren da aka cire. DVD yakan zo da kaɗan daga cikin waɗannan.

Faifan jabu ana gane shi ta hanyoyi uku. Idan DVD ne kuma ƙasansa shuɗi-shuɗi ko ruwan hoda, a kwamfuta aka ƙona shi, na kamfani ruwan azurfa ne ko mai ɗan zinare. Idan an cusa fim takwas ko goma a faifai ɗaya, to an matse su ne cikin gigabait 8.5 ko ƙasa da haka, alhali Blu-ray mai hawa biyu yana ba fim ɗaya fili har gigabait 50. Idan kuma an rubuta Blu-ray a kwali amma ya tashi a na'urar DVD, sunan kawai aka ara.

Saitin talabijin da sauti

Abu na farko, a kashe saitin da ke santsar da motsi. Samsung na kiransa Auto Motion Plus ko Picture Clarity, LG TruMotion, Sony Motionflow. A wannan fim illarsa ta fi ta ko'ina, domin da gangan masu zanen suka sa mazauna benen Felix suna motsi a gutsure, tsalle-tsalle, irin na tsofaffin wasanni, don a bambanta su da sojojin Hero's Duty masu motsi kamar na mutane. Talabijin yana ƙirƙiro hotunan da babu ya cusa a tsakani, sai ya goge wannan bambancin, ya kuma bar inuwa a gefen motoci lokacin tsere. A sa yanayin hoto a Movie ko Cinema, a bar Vivid da Dynamic, waɗanda ke mayar da ruwan hodar Sugar Rush abin da ke gajiyar da ido.

Baƙin layi a sama da ƙasan allo ba matsala ba ce. Faɗin hoton 2.39 ne a kan 1, talabijin kuma 1.78 a kan 1. Wanda ya danna Zoom don ya cika allo ya yanke kusan kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin hoton, kuma zai iya rasa wasu daga cikin fuskokin 'yan sauran wasanni da ke wucewa ta gefe a babbar tashar nan ta cikin soket.

Sautin Blu-ray ɗin DTS-HD ne mai hanya 7.1, na 4K kuma Dolby Atmos. Matsala biyu ke tasowa daga nan. Ta farko, hoto ya fito babu sauti ko kaɗan: talabijin da yawa, har da na Samsung daga 2018, ba sa fassara DTS. Maganin shi ne a shiga saitin sauti na na'urar faifan, a sauya daga Bitstream zuwa PCM, sai ita ta fassara ta aika. Ta biyu, kiɗa da fashewa su yi ƙara, magana kuma ta nutse. Dalili shi ne magana tana hanyar lasifikar tsakiya ce, idan aka haɗe hanyoyi takwas cikin lasifika biyu sai sauran su danne ta. A zaɓi Stereo ko Downmix, a kunna Dynamic Range Control ko Night Mode. Mai cikakkun lasifiku da amfilifaya ba ya buƙatar wannan, sai dai ya ƙara murya sama da inda ya saba, domin faifan Disney na wajen 2018 da 2019 an san su da ƙarancin ƙara.

Wanda zai sayi na'ura ta hannu ya duba takardar da ke bayanta kafin ya jona. Wutarmu 220 zuwa 240 ce, ta Amurka 120. Idan an rubuta 100–240V, lafiya lau. Idan 120V kaɗai aka rubuta, sai da taransifoma mai rage wuta, in ba haka ba jonawa ɗaya za ta ƙone. A bi da ita ta sitabilaiza, musamman inda ake sauyawa tsakanin wutar gari da janareta.

Faifan kansa, a riƙe shi ta gefe da ramin tsakiya. Bayanan Blu-ray suna zaune ne milimita 0.1 kacal daga fuskar faifai, na DVD kuma 0.6, shi ya sa aka yi wa Blu-ray rufi mai tauri da ba ya saurin karcewa, amma zanen yatsa mai maiƙo ɗaya ya isa ya sa shi tsayawa a tsakiyar fim. A goge da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, a miƙe, ba a zagaye ba, domin karcen da ya bi zagayen layin bayanai ya fi wanda ya ratsa shi ɓarna. Kada a bar shi cikin mota ko kusa da taga a rana, zafi yana lanƙwasa shi kuma ba ya miƙewa. Lokacin hunturu a rufe na'urar da ƙyalle idan ba a amfani da ita. Idan ta fara karanta DVD tana ƙin Blu-ray, yawanci ba faifan ba ne: ƙura ce ta hau idon, ko kuma hasken shuɗin ya fara rauni. A gwada wani Blu-ray ɗin daban tukuna, idan shi ma ya ƙi, a kai wa mai gyara ya goge idon kafin a yi maganar canza shi.